Ranar da Illa Magini Ya Shafe Matameye

A shekarun da ƙasar nan ke bin Damagaram, tun Bature bai san hanyarta ba, an yi wani magini a Matameye mai suna Illa. Aikinsa ba abin rainawa ba ne. In ya ɗora maka rumbun ƙasa, jikanka ma zai zuba gero a ciki. Bakinsa ne ke ɓata shi. Ya gina rumbu ɗaya, ya ba da labarin goma. Yakan ce wurin kakansa zanzaro ya koyi gini, kuma har yau bai ƙware ba. In aka yi ruwa da iska katangar wani ta faɗi, sai ya je ya tsaya a kai ya riƙe ƙugu ya ce, "Ba ta sami hannuna ba ne."

Wata kaka ya gama wa Alhaji Shekara, babban mai fataucin hatsi na garin, wani rumbu da ba a taɓa ganin irinsa ba. Ciki kamar ɗaki, tsawo sai da tsani, baki a can sama ɗan ƙarami yadda ɓarawo mai ƙiba ba zai shiga ba. Rumbun na zaune kan duwatsu a ƙofar gidan Alhaji, daf da kasuwa, yana bushewa, damman gero kuma jibge a gefe suna jira.

Ranar da ya yi masa shafen ƙarshe, Illa ya ɗaga ƙwarya biyu ta furar Inna Tata, tsohuwar da ke dama fura a bakin kasuwa, ya je gindin tsamiya ya miƙe. Barci ya kwashe shi. Sai ga shi a garin Dungu wurin suna, an gasa rago, ga Sallau wanzami a damansa, ga Malam Muntaka a hagunsa. Aka miƙo masa cinya tana ɗigar mai. Ya buɗe baki ya kafa mata haƙori, ya farka da hularsa a baki.

Ya tofar da zare, ya nufi rumfar Sallau.

"Sallau, naman nan fa?"

"Wane nama?"

"Na Dungu mana. Kana kusa da ni, har ka ce in rage maka."

Sallau ya ce, "Tun hantsi ina nan ina wasa aska. Rabona da Dungu tun bara."

Illa ya tsaya ya zuba masa ido. Wannan giɓin haƙori, shi ne dai na Sallau ɗin Dungu. Wannan warin taba ma shi ne. Da ya tambayi wancan na mafarkin ko akwai shi, da ya rantse akwai. Amma da ya buɗe ido sai ya ɓace, ko takalmi bai bari ba. Illa ya miƙa yatsa ya dangwali Sallau a kumatu, ya girgiza kai, ya juya da sauri sai zauren Malam Muntaka.

Ya tarar da Malam yana rubutu a allo.

"Allah gafarta Malam, yaya mutum zai san ba mafarki yake yi ba?"

"Sai ya farka."

"In ya farka cikin wani mafarkin fa?"

Malam ya ɗago kai. "Illa, furar Tata ka sha?"

"Ƙwarya biyu, amma ba ita ce maganar ba. Duba, Malam. In na ji yunwa, na san na ji. In kai ka ji yunwa, ni ban ji komai ba, faɗa kawai kake yi. In na taka ƙaya, har ƙwaƙwalwata nake jin ta. In kai ka taka, bakinka kawai nake gani yana buɗewa. To da me zan tabbatar akwai wani a cikin rigar nan taka?"

"Ni na san akwai."

Illa ya yi tsalle ya tafa hannu. "Haka na mafarkin ma zai ce! Malam, na gano. Ni kaɗai ne akwai. Ku duka a kaina kuke."

Malam ya ajiye alƙalami a hankali. "Ubangijin da ya yi ka fa?"

"A'a, Malam, kar ka ja mini! Wannan daban. Shi ya yi ni. Da aka ga aikin ya yi kyau sai aka tsaya daga nan, aka bar ni in riƙa ƙago ku don kar kaɗaici ya kashe ni."

"To madalla. Tunda kai ka ƙago ni da allona, karanta mini abin da na rubuta."

Illa ya leƙa allon. Bai taɓa wuce baƙi uku ba a karatunsa. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Da ina son wahalar karatu, me zai sa in ƙago ka?"

Ya fita ya bar Malam da baki buɗe.

A gida ya sami matarsa Baiwa tana daka a tsakar gida. Ya zauna kan turmin da ke kife, ya yi fuskar mai kawo labarin rasuwa.

"Baiwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Babu ke."

"Babu ni a ina?"

"Ko'ina."

Ba ta tsayar da taɓarya ba. "To wa ke dakan nan?"

"Ni ne, ta hannunki."

"Sannu da aiki, maigida. Kafaɗar ba ta yi maka ciwo ba?"

"Kin ga irin wannan bakin? Ni na ƙago ki, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa to ba."

"Da kai ka ƙago ni, ai da ka ƙago wadda ke jin maganarka."

Illa ya shafa gemu ya ce, "Nan ne na yi kuskure. Zan gyara."

Washegari ya daina gaisuwa. Ya ce mutum ba ya durƙusa wa abin da ke cikin kansa. Ya wuce dattawa a ƙofar masallaci kamar ya wuce kututture. Aka yi masa sannu, ya ce, "Na ji, ni na sa ka faɗa." Wani ya mintsine shi a cinya don ya dawo hankalinsa, Illa ya yi ƙara, sannan ya ce, "Ka gani? Wa ya ji zafin? Ni. Kai me ka ji?" Mutumin ya tafi yana duban yatsunsa.

A lungun da ke fita kasuwa ya yi karo da Agali, wani Buzu mai kawo gishiri, yana jan raƙuminsa da kaya niƙi-niƙi. Lungun ba ya ɗaukar biyu.

Agali ya ce, "Aboki, raɓe mu wuce."

"Ni in raɓe wa tunanina? Kai raƙumi, saurara. Babu kai. Yanzu zan rufe ido in ratsa ta cikinka."

Ya rufe ido ya taho gaba gaɗi. Raƙumin ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya shinshina shi, ya cafke hularsa, ya ɗaga kai sama yana tauna, ya kuma bi shi da wani koren yawu tun daga goshi har gemu. Ƙafar Illa ta zame, ya zauna daɓas cikin kwata.

Matan da ke dawowa daga rijiya suka sauke tuluna don dariya. Illa ya miƙe yana share fuska da hannun riga, ya ce, "Dama hular ta ishe ni. Ni na sa shi."

Tunda kai ya fito fili ga suma ta taru, ya wuce wurin Sallau a yi masa aski. Sallau ya zaunar da shi, ya jiƙa kan, ya aske gaba tas har tsakiya, ya goge aska ya mayar cikin zabira.

"Tashi, an gama."

Illa ya shafa ƙeya ya ji suma cunkus. "Bayan fa?"

"Ka taɓa ganin ƙeyarka?"

"A'a."

"To babu ita. Ni ba na aske abin da babu."

Masu jiran layi suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan dutse. Illa ya miƙe da rabin kai yana ƙyalli, rabi kamar gonar da ba a nome ba. Ransa ya ɓaci. Ya hau kan dutsen da mutumin ya faɗo, ya ɗaga murya yadda har mahauta suka ji.

"Ku yi dariya! Laifina ne da na ƙago ku da gaggawa. Garin nan duk a karkace yake: raƙuma ba ladabi, wanzamai ba kunya, mata ba sa cewa to. Jibi ranar kasuwa zan shiga rumbun Alhaji a rufe ni. In ban gan ku ba, ban ji ku ba, na kuma cire ku daga raina, shi ke nan kun tafi. Zan shafe Matameye kamar yadda nake rushe tsohuwar katanga, in sake gina sabuwa da hannuna. Kafin la'asar za ku ga aiki!"

Kafin magariba labari ya kai har garin Ɗan Barto. Washegari ƙofar gidan Illa ta cika kamar ana rabon goro. Kowa da buƙatarsa a sabuwar Matameye.

Inna Tata ta ce, "Ɗan nan, in ka zo kaina ka mayar mini da haƙorana. Ka kuma rage mini shekara talatin."

"Ashirin dai, Inna. Kar ki fi Baiwa."

Wani gurgu ya ce a ba shi ƙafa, in da hali a haɗa da doki. Wani manomi ya ce a matso masa da gonarsa kusa da fadama, a kuma mayar da ta maƙwabcinsa kan tudu. Maƙwabcin na nan tsaye, nan take suka kama kokawa kan gonar da ba a ƙago ba tukuna. Sallau ya ce shi ba ya son komai, a dai yi wa kowa kai biyu don sana'a ta yi albarka.

"Kai jaki zan mayar da kai," in ji Illa.

"To ka yi mini ƙeya."

Alhaji Shekara ya zo da kansa, fuska a murtuke. "Illa, wane shashanci nake ji? Gerona na waje awaki na ci, kai kana shirin kwana a rumbuna?"

"Alhaji, ai ko a al'ada magini ke fara shiga ya duba ciki. Zuwa la'asar kawai."

"La'asar ɗin nan, ko ƙiftawar ido..." Alhaji ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "In abin ya yiwu, ka ninka geron."

Baiwa na jin su daga bayan zana. Da mutane suka watse ta fito ta ce, "Maigida, yau a rijiya har ƴan mata na nuna ni suna cewa ga matar da babu. In ka shiga rumbun nan, ni Icirnawa zan koma gidanmu."

"Wace Icirnawa? Ita ma shafe ta zan yi."

Baiwa ta dube shi, ta dubi rabin kan nan. Ta ɗauki mayafi ta fita. Ta biya zauren Malam Muntaka, ta biya rumfar Sallau, ta biya wurin Inna Tata, ta shiga gidan Alhaji. Duk inda ta fito sai a ji dariya ta biyo bayanta.

Ranar kasuwa Illa ya tashi da shirin bankwana da tsohuwar duniya. Ya ce tunda komai zai tafi, asara ce a bar abinci. Ya cinye akushin wake da ya kwana, ya bi da dambu, ya shanye ƙwarya uku ta fura, ya tsotse rake biyu a hanya. Da hantsi ya iso gindin rumbu, kasuwa ta watse ta dawo kansa. Har makaɗa sun zo.

Ya hau tsani yana ɗaga wa jama'a hannu. A sama ya tsaya ya yi jawabi.

"Jama'ar Matameye, kun yi mini hidima gwargwadon yadda na ƙago ku. Ba za ku ji zafi ba. Wanda na manta da shi a sabon gari, ya yi haƙuri."

"Allah ya kiyaye hanya!" in ji Sallau.

Aka ɗaura igiya a wuyan rumbu aka zura ciki. Illa ya zura ƙafafu, ya zura cinyoyi, ciki ya tsaya. Sai da Sallau ya hau ya danna kafaɗunsa da gwiwa, sannan ya wuce fuk kamar an tura toshiya cikin tulu. Aka ji faɗuwarsa tim. Aka kife bakin da faifai, aka janye tsani.

Cikin rumbu duhu ne da zafi da ƙamshin sabuwar laka. Illa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido. A waje yana jin kiɗa, da kukan awaki, da masu talla. Ya cika ƙirji ya daka tsawa.

"Matameye, tafi!"

Ɗif.

Kiɗa ya yanke a tsakiya. Talla ta mutu. Ko tari babu.

Abin da ya faru shi ne, Baiwa na jin tsawar ta ɗaga mayafinta sama, alamar da aka shirya ke nan. Makaɗa suka rungume gangunansu. Masu awaki suka damƙe bakunan awaki. Aka kife zakaru da kwanduna, masu goyo suka toshe bakin jarirai da nono. Jama'a suka bi sanɗa, wasu bayan katangar Alhaji, wasu bayan damman gero, wasu suka lafe a ƙarƙashin cikin rumbun inda ba a hango su daga sama. Inna Tata ta cusa gefen zanenta a baki, hawaye na zuba don dariya.

Illa ya kasa kunne. Ya sake kasawa. Sai ya miƙe ya kama rawa cikin duhu.

"Ya yiwu! Wallahi ya yiwu! Kai, Illa, ba ka da na biyu! Ai dama ba ka da na biyun!"

Da ya gaji ya zauna ya murza hannu. "To, aiki. Mu fara da ruwan sha, zafi ya yi yawa. Ƙwaryar fura mai sanyi, fito!"

Ya lalubi ƙasa. Laka.

"To, fura sai da mai damu. Inna Tata, fito, da haƙoranki!"

Shiru.

Ya ce bari ya bi abin daki-daki, kamar gini. Fura dai gero ce da nono. Sai me? Akwai wani yaji da Tata ke sawa wanda ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Shekara ashirin yana sha, bai san ko mene ne ba. Ya bar fura ya koma raƙumi, ya rasa ta ina gwiwar baya ke lanƙwasa. Ya ce bari ya yi Baiwa, ita da ya fi sani. Ya kawo tsawonta, ya kawo muryarta. Da ya zo kan ɗan tabon da ke fuskarta, ya rasa ko a dama yake ko a hagu.

Zufa ta fara bin bayansa. Ya rage buri.

"Kaza, fito."

Babu.

"Ƙuda ma ya isa. Ƙuda ɗaya."

Ko ƙuda. Abin da ke motsi a duniya duka cikinsa ne, inda wake da fura suka fara shawara, yana ta kumbura kamar salka.

"Baiwa?" Ya faɗa a hankali. Rumbun ya mayar masa da muryarsa. "Baiwa, wasa nake yi."

Sai tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya damƙi igiya ya hau da ƙafa da gwiwa, ya ture faifai da rabin kansa mai suma. Kai ya fita, hannuwa suka fita, ƙirji ya fita. Ciki ya ce ba inda za shi. Ya yunƙura sama, ya kasa. Ya ce bari ya koma, nan ma ya kasa. Ya toshe bakin rumbun daram, ƙafafu na lilo a ciki.

Ya duba kasuwa. Ga rumfuna, ga tabarmi, ga tulin barkono da gishiri, ga wuta na ci a tukubar mahauta, ba mutum ko ɗaya. Takalmi ɗaya na kwance a tsakiyar hanya.

Illa ya ɓarke da kuka kamar an yi masa mutuwa, don a ganinsa an yi masa ta gari guda.

"Wayyo na kashe su! Baiwa, dawo yadda kike, da bakin naki! Sallau, ba zan mayar da kai jaki ba! Malam! Inna! Ko raƙumin ne ya dawo!"

Baiwa ta sauke mayafi. Nan take kasuwa ta tashi kamar ba a taɓa tsayar da ita ba. Kiɗa ya ci gaba daga inda ya yanke, awaki suka saki kukan da suka riƙe, kowa ya koma rumfarsa. Ba wanda ya ɗaga kai sama.

"Alhamdu lillahi! Na dawo da ku! Ku kawo tsani!"

Baiwa ta zo ta zauna kusa da Inna Tata, daidai ƙarƙashinsa.

"Inna, jiya na yi wani mugun mafarki. Wai ina da miji magini, mai surutu, da rabin kai."

"Subhanallahi! Ƴar nan, ki yi sadaka. Irin wannan mafarki ba a barinsa haka."

"Baiwa! Ga ni nan sama! Ni ne!"

Sallau ya zo wucewa ya tsaya ya karkata kunne. "Kamar ina jin wata ƙara."

"Iska ce ke shiga bakin rumbu," in ji Inna Tata.

Alhaji Shekara ya fito yana gyara rawani. "La'asar ta kusa. Ku fara ɗebo gero a zuba. Wannan toshiyar da ke sama, a danna ta ciki."

"Alhaji, ba toshiya ba ce, Illa ne! Ni na gina rumbun!"

"Wane Illa? Rumbun nan tun kakana yake."

Malam Muntaka ya taho da carbinsa. Illa na ganinsa ya miƙa hannu biyu. "Allah gafarta Malam, kai ba ka ƙarya. Gaya musu akwai ni!"

Malam ya ɗaga kai, ya kare rana da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. "To, ina ganin wani abu mai kama da mutum. Amma da me zan tabbatar akwai wani a ciki?"

"Ni na san akwai!"

"Haka na mafarki ma ke cewa."

"Malam, cikina zai fashe! Bakin rumbu na yanka ni!"

"Ni ban ji komai ba. Bakinka kawai nake gani yana buɗewa."

Kasuwa ta kasa riƙewa. Dariya ta fashe ko'ina, har mahauci ya zauna cikin kwandon kayan ciki. Illa ya dube su ɗaya bayan ɗaya, hawaye da zufa sun haɗu a gemu.

"Akwai ku! Wallahi akwai ku, kun ma fi ni akwai! Ina kwananku, ina gajiyarku, ina gidajenku? Ku sauke ni!"

Baiwa ta miƙe ta kakkaɓe zane. "To a sauke shi, kar waken ya ƙarasa shi."

Aka kawo tsani. Sallau ya hau da ƙwaryar man shanu, ya shafe masa ƙugu yana cewa, "Yau ga ƙeya har ƙeya, wa ya ce babu?" Ƙarti biyu suka kama hannuwa suka ja. Illa ya yi ƙara, bai motsa ba. Aka ɗaura masa igiya a hammata, mutum goma suka ja daga ƙasa. Igiya ta tsinke, goman suka zube kan tulin barkono, kasuwa ta kama atishawa.

Sai Agali ya matso. "Raƙumina na iya ja. In dai akwai shi."

"Akwai shi!" in ji Illa. "Ya fi kowa!"

Aka kawo igiyar rijiya mai kauri, aka ɗaura gefe ɗaya a Illa, gefe ɗaya a sirdin raƙumi. Alhaji ya buɗe baki zai ce a dakata, Agali ya riga ya yi wa raƙumi magana. Raƙumi ya yi gaba. Illa bai fita daga rumbu ba. Rumbun ne ya biyo Illa. Ya ɗaga daga kan duwatsunsa, ya karkata, ya tsaya kamar yana shawara, jama'a suka watse da ihu, sannan ya kife kan damman gero ya tarwatse. Ƙura ta tashi, kaji suka bi ta kan katanga, awaki suka afka wa geron da ya warwatse.

Da ƙura ta lafa, sai ga Illa zaune a tsakiyar ɓaraguzai, lafiya lau, da bakin rumbun ɗungurungum a ƙugunsa kamar an sa masa zobe. Ko tsagewa bai yi ba.

Alhaji Shekara ya riƙe kai. "Rumbuna! Gerona!"

Illa ya ƙwanƙwasa zoben da yatsa, ya ji ƙararsa. "Alhaji, ka dai ga aiki. Raƙumi ya ja, ƙasa ta buga, ko gezau. Duk ƙasar Damagaram wa zai yi maka baki irin wannan?"

"Gobe da sassafe ka fara sabo! Kuma ka yi masa bakin da za ka iya fita!"

Haka Illa ya ratsa kasuwa zuwa gida, hannuwa a sama, zobe na juyawa a ƙugu, makaɗa na binsa da kiɗa, yana gaida duk wanda ya gani har da waɗanda ya riga ya gaisar. A ƙofar gida zoben ya ƙi shiga zaure. Ya gwada ta gefe, ya gwada da baya. Baiwa ta raɓa ta wuce, ta dawo da taɓarya.

"Baiwa, a hankali. Akwai mutum a ciki."

Bugu ɗaya ta yi, zoben ya rabe biyu. Jama'a suka yi guɗa suka watse.

Bayan magariba ta gasa masa ƙugu da ruwan zafi, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya yanko loma, ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya dubi Baiwa tana kankare tukunya a bakin murhu. Tabon a hagu yake.

"Baiwa."

"Na'am."

"Ke kin ci?"

Shekara goma sha bakwai suna tare, bai taɓa yi mata wannan tambaya ba. Muciya ta faɗi daga hannunta. Ta dube shi, ta ja da baya, ta figi mayafi, ta fita da gudu ba takalmi tana kira tun daga zaure:

"Malam! Malam, taho da rubutu! Yanzu kam ya haukace da gaske!"

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi duka.